Classicism a harkar gini: ni dai na tsaya a kan "karin Girka"

Jama'a, yau kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro. Ina cikin rubuta ɗan bayani a kan dalilin da ya sa har gobe masu zanen gini suke waiwayar Girkawa da Rumawan dauri, sai na yi karo da classicism, alƙalami ya cije. Na tambayi mutum huɗu na samu amsa biyar, don ɗayansu ya sauya magana kafin mu rabu. Bari in baje su a faifai, in faɗi inda na tsaya, malaman harshe da masu zanen gini su gyara mini in na kauce.

Amma a ga jaririn tukuna kafin a raɗa masa suna.

Ku nemi hoton Parthenon, haikalin nan da ke kan tsauni a birnin Atina, wanda aka gina tsakanin shekarar 447 da 432 kafin Miladiyya. Ginshiƙai 8 a gaba, 17 a kowane gefe. Ido yana ganin komai a miƙe sambal, alhali daɓen ya ɗan yi doro a tsakiya, kowane ginshiƙi yana da ɗan tumbi, kuma dukkansu sun ɗan sunkuya ciki. Da gangan aka yi. Bayan ƙarni huɗu wani Barume mai suna Vitruvius ya rubuta littafin gini mai kashi 10, ya sadaukar da shi ga Sarki Agustus. A ciki ya ce gini sai ya haɗa abu uku: ƙarfi, amfani da kyau. Ya kuma nuna cewa kaurin ginshiƙi daga gindi shi ne mudun da ake auna sauran jikin gini da shi. Ginshiƙin Dorik, in ji shi, an fara yi masa tsayi ninki 6 na kaurinsa, don tafin ƙafar namiji kashi ɗaya ne cikin shida na tsayinsa. Na Ayonik ya fi siranta, kansa da naɗi biyu kamar ƙahon rago, shi aka kwatanta da mace. Na Korinti kuwa budurwa ce, kanta cike da ganye. Daga kaurin nan ake fitar da tazarar ginshiƙai, da faɗin dutsen da za a gitta a kansu, da tsayin goshin gini, wato alwatikan da ke saman ginshiƙai. Ka taɓa ɗaya, sauran duk sai sun motsa.

To wannan abin muke nema wa suna.

Amsar farko da kowa ke yi ita ce "ginin gargajiya". A nan na fi daɗewa ina gardama, don kalmar tana da daɗin faɗi kuma kowa ya san ta. Sai dai gargajiya abin da ka buɗe ido ka tarar ne a gidanku, magini ya koya a hannun ubansa, shi ma a hannun nasa uban, ba wanda ya buɗe littafi. Kowace al'umma a duniya tana da tata, su ma Turawa suna da tasu, kuma da wani suna daban suke kiran ta. Ku dubi Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku. Da zai zana ginin majalisar jihar Virginia, wani haikalin Rumawa da ke garin Nîmes a kudancin Faransa ya kwaikwaya. Kakansa bai bar masa wannan ba. A littafi ya tsince shi, musamman littafin da Andrea Palladio ya buga a Venis a 1570, wanda ya auna kufan gine-ginen Rum ya zana su da lissafinsu. Abin da ake naɗewa a takarda a haye teku da shi, a kafa shi a ƙasar da Barume bai taɓa takawa ba, in ka kira shi gargajiya ka ɓatar da mai karatu tun daga ƙofa.

Wata 'yar'uwa ta ce to a ce "salon dauri" ko "ginin da". Hajiya, ga inda gizo ke saƙar: ginin Kotun Ƙolin Amurka, mai ginshiƙan Korinti 16 a gabansa, a 1935 aka gama shi. Dogon benen Empire State na New York a 1931 aka buɗe shi. Makarantar Bauhaus ta Dessau a Jamus, uwar ginin gilashi da kankare marar ado, tun 1926 take tsaye. Ke nan wanda za mu kira na dauri ƙane ne ga waɗanda muke kira na zamani. Sannan dalar Masar ma ai ta dauri ce, ta girmi Parthenon da shekara kusan dubu biyu, kuma ba ta cikin wannan dangi.

Shawara ta uku ta fi burge ni da farko: "salon ƙasaita". Wanda ya kawo ta ya san abin da yake yi, don asalin kalmar a Latin daga rabon ajin jama'a ta fito. Classicus shi ne ɗan ajin farko, mai dukiya, daga baya aka ara wa marubucin da ya isa a yi koyi da shi. Kuma gaskiya ne duk mai son gininsa ya yi kwarjini wannan salo yake nufa: banki, kotu, majalisa, gidan tarihi. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan da jerin ginshiƙansa na Ayonik, dandalin tunawa da Lincoln a Washinton mai ginshiƙan Dorik 36, wanda aka buɗe a 1922, duk kana hango su sai ka gyara tsayuwa.

Abu biyu suka sa na janye. Na ɗaya, Taj Mahal ƙasaitacce ne, manyan majami'un Faransa masu tsinin baka su ma haka, amma babu ruwansu da awon Vitruvius. Na biyu, "ƙasaita" yabo ce, wannan salo kuwa rigima ce a kansa har yau. Albert Speer da shi ya yi wa Hitler zane, Mussolini da Stalin su ma sun so shi, shi ya sa bayan 1945 masu zanen gini da yawa a Turai suka yi masa kallon hadarin kaji. A ɗaya ɓangaren masu dimokuraɗiyya suna cewa nasu ne tun daga Atina. A Disambar 2020 Trump ya sa hannu a umarnin da ya fifita shi a gine-ginen gwamnatin tarayyar Amurka, a Fabrairun 2021 Biden ya soke. Sunan da za mu ba abin da ake wannan ja-in-ja a kansa ya kamata mai so da mai ƙi duk su iya furta shi ba tare da sun ji an yi musu dole ba.

Akwai wanda ya ce, cikin raha, "ginshiƙanci". Na yi dariya, amma rahar tasa ce ta buɗe mini ido, don ta tilasta mini tambayar kaina: shin ginshiƙi mai ado ne abin, ko wani abu ne a bayansa?

Ga ginin da ya raba mini gardama. A Barlin akwai gidan zane-zane da Mies van der Rohe ya zana, aka buɗe a 1968. Ka hau matakala ka tarar da faffaɗan dandamali na dutse. A kansa rufin baƙin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kusan mita 65, yana zaune a kan ginshiƙan ƙarfe 8 kacal, biyu a kowane gefe, babu ko ɗaya a kusurwa. Bango gilashi ne zalla, an ja shi ciki, ya bar baranda ta zagaye ginin. Babu ganye, babu ƙahon rago, babu marmara da aka sassaƙa. Amma tsaya daga nesa ka kanne ido: dandamali, ginshiƙi, abin da aka gitta a sama, dama da hagu sun yi kunnen doki, har ginshiƙan suna ɗan sirancewa in sun doshi sama. Haikali ne, ya tuɓe riga kawai. Mies kuwa bai ɓoye ƙaunarsa ga Schinkel ba, wanda ya zana tsohon gidan tarihin birnin mai ginshiƙan Ayonik 18, aka buɗe a 1830. Haka Le Corbusier, wanda ake ɗora wa laifin akwatunan kankare na duniya: a 1911 ya je Atina ya yi makonni yana hawa tsaunin nan yana zane, a 1923 kuma ya jera hoton Parthenon da hoton mota a littafinsa, yana nuna cewa dukkansu an yi ta tace su ne har suka kai ga ƙa'ida.

Sai kuma kishiyar wannan, wadda kowa ya taɓa gani a wani wuri: katafaren gida an manna masa ginshiƙai biyu sirara kamar sandar rake, sun haye bene uku, kansu da ganyen Korinti na siminti, ba abin da suke ɗauke da shi. Adon yana nan, awon ya gudu. Duk sunan da zai karɓi wannan ya kori ginin Mies bai yi ba.

Daga nan na tuna da waƙa. Mai rubutacciyar waƙa yana iya ɗaukar karin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana hawa, ya zuba masa zancen jirgin sama ko na intanet, kuma duk mai kunne zai gane karin. Wani kuma ya cika baitinsa da tsofaffin kalmomi masu nauyi, amma karin ya karye, mai saurare ya yamutsa fuska. Kari ba ya ganuwa, ba ya tsufa, ana koyonsa, ana gadonsa, ana karya shi, gwani kuma yakan ɗan kauce masa da gangan ya dawo. Muna da karin waƙa, muna da karin harshe, wato yadda mutanen wani yanki suke lanƙwasa magana har a gane daga inda suka fito. Tazarar ginshiƙi da ginshiƙi, cike da fili, cike da fili, in ba kari ba mene ne?

Saboda haka na ce classicism a gini a kira shi karin Girka da Rum, a taƙaice karin Girka.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne kalmar ta haifi 'ya'ya ba tare da naƙuda ba. Tsare-tsaren ginshiƙan nan da Turawa ke kira orders sun zama karin Dorik, karin Ayonik, karin Korinti. Neoclassicism na ƙarni na 18 da na 19, irin Ƙofar Brandenburg ta Barlin ta 1791, ya zama sabon karin Girka. Irin na shekarun 1930 da aka kankare wa ado aka bar ƙashi, karin Girka marar ado. Abin da Philip Johnson ya yi a benen kamfanin AT&T na New York a 1984, da ya ɗora masa goshin haikali mai tsaga a tsakiya kamar kan tsohon kabad, wannan wasa da kari ne. Su Léon Krier, wanda ya tsara garin Poundbury a Ingila da goyon bayan Charles tun yana Yarima, aka fara gini a 1993, su ne masu riƙon kari.

Na san inda za a soke ni. Wani malami ya riga ya ce: Malam, ka ci haƙƙin Rumawa. Baka da ƙubba ai nasu ne, Girkawa dutse kawai suke gittawa a kan dutse. Allah ya gafarta malam, haka ne. Pantheon na birnin Rum, da aka gama a zamanin Sarki Hadrian wajen shekara ta 126, faɗin ƙubbarsa mita 43 da ɗoriya, daidai da tsayinta daga ƙasa, kankare ne ba rodi, kuma ita ce uwar ƙubbobin majalisu da yawa na duniya. Shi ya sa cikakken sunan ya haɗa su biyun. A rubutun ilimi a kawo shi cikakke a karon farko, daga nan a gajarta. Ko a gaban Pantheon ɗin ma ginshiƙan karin Korinti ne suke tarbar mai shiga, Rumawan da kansu aro suka yi.

Wani kuma ya ce "girka" za ta rikice da girka tukunya. Babban baƙi ya raba su a rubutu, a baki kuma ba na jin akwai wanda zai ji "karin Girka" a zancen gini ya nufi murhu. Wanda abin ya dama yana iya cewa karin Yunan, ma'anar ɗaya ce, sai dai Girka ta fi yawo a bakin mutane yanzu.

Masu cewa a bar ta "kilasik" kawai, ba haramun ba ne, mun ari kwamfuta mun zauna lafiya. Bambancin shi ne kwamfuta kana nuna ta da yatsa, ita kuwa wannan in ka ce kilasik ba ka gaya wa Bahaushe komai ba, wani ma zai ɗauka tsohuwar mota mai tsada kake nufi. Kuma kada a ce sunan nawa bai rufe kiɗan su Mozart ba. Ban yi alkawarin haka ba. Turanci ne ya tara gini da kiɗa da adabi a buhu ɗaya, ba dole mu ɗauki buhun yadda yake ba, masu kiɗa su nemo tasu.

Na gwada ta a jimla don in ji ko za ta zauna: "Ginin na ƙarfe da gilashi ne, amma a kan karin Girka aka ɗora shi." "Ya sa ginshiƙai, sai dai ya karya kari." "Bayan yaƙin duniya na biyu an guji karin Girka, a shekarun 1980 ya sake ɗagowa." A kunnena dai sun zauna, ta biyun ma har ta fi Turancin kaifi.

Inda har yanzu nake lalube shi ne goshin nan mai siffar alwatika da ke saman ginshiƙai, wanda Turawa ke kira pediment. Ina ta cewa "goshin gini", amma goshi a shafe yake, wannan kuwa yana da tsini a sama, wani lokaci da mutum-mutumi a cikinsa. Masu aikin gini, me kuke ce masa a bakin aiki?