Tambaya kan gidan wasan kwaikwayo na Drama Studio da aka rushe a Accra

Abdullahi Nima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dattawanmu suna cewa filin da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa yake a tsakiyar Accra, a da akwai wani ƙaramin gidan wasa a kansa. Ina roƙon masu sani su faɗa mana wanda ya kafa shi da dalilin rushe shi.

Malam Garba Kumasi: Wa alaikumus salam. Dattawan sun faɗi gaskiya. Sunansa Ghana Drama Studio, marigayiya Efua Sutherland ce ta kafa shi, kuma Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe shi a 1961, da tallafin gwamnati da gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen wasa shi ne fasalinsa, domin an gina shi ne kamar tsakar gida irin ta ƙabilar Akan ta Ghana, fili a buɗe, katanga ta kewaye shi, 'yan kallo kuma suna zaune dab da 'yan wasa. Manufarta ita ce a ɗauko salon tatsuniyoyin Ananse, takwaran Gizo a wurinmu, inda mai sauraro yake amsa waƙa, yana tsoma baki cikin labari, a mayar da shi wasan dandamali. An rushe shi a 1990 domin a gina gidan wasa na ƙasa, wanda ƙasar Sin ta gina aka kammala a 1992.

Hajiya Rabi Tamale: Malam Garba, Allah ya ƙara sani. Sai dai ya kamata a ambata cewa an sake gina kwatankwacinsa a Jami'ar Ghana da ke Legon, yana ɗauke da sunanta, ɗalibai kuma suna wasa a cikinsa har yau. A ganina ba a yi asara ba, tunda birnin yana bukatar babban zaure.

Malam Garba Kumasi: Hajiya, ban musa bukatar zauren ba, amma asara kam an yi ta. Tsohon ginin yana tsakiyar gari, inda ɗan kasuwa da ma'aikaci za su iya zuwa da ƙafa bayan an tashi aiki, na Legon kuwa yana cikin harabar jami'a, wadda talaka ba ya shiga sai da dalili. Da an nema wa sabon ginin wani filin, da duka biyun suna tsaye a cikin Accra.