Wai dole sai da kuɗin masu zuba jari ake gina kamfanin manhaja?

Abba: Jama'a ni fa na gaji da wannan maganar. Duk yaron da ya koyi rubuta manhaja sai ka ji yana neman wanda zai zuba masa dala kafin ya taɓa komai. Mailchimp fa, manhajar aika saƙonnin talla ta imel, Ben Chestnut da Dan Kurzius da Mark Armstrong ne suka fara shi a Atlanta a 2001, ko sisi ba su karɓa daga masu zuba jari ba, a 2021 Intuit ta saye shi wajen dala biliyan 12. Laftof da haƙuri kawai ake buƙata wlh, sauran duk lalaci ne

Malam Sani: Abba ka faɗi rabin labari ka haɗiye rabi. Mutanen nan suna da kamfanin da suke zana wa mutane shafukan intanet, Mailchimp ɗin a gefe suka riƙa yin sa shekara da shekaru, kuɗin wancan aikin ne yake ciyar da su. Wanda ya buɗe shago na biyu da ribar na farko ai ba a cewa hannu rabbana ya fara.

Abba: To Malam ai maganata kenan. Kuɗin kwastoma daban, kuɗin mai zuba jari daban. Kwastoma ya biya ya kama gabansa, shi kuwa wancan yana zaune yana jiran kasonsa, wata rana ka wayi gari ka zama yaron shago a kamfanin da kai ka kafa

Maman Ilham: Ni na goyi bayan Abba. WhatsApp ɗin nan da muke ta latsawa dare da rana mutum nawa ne? Lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19 ma'aikatansu wajen 55 ne kacal

Malam Sani: Hajiya a nan kam kin ba ni makami da hannunki. Su kaɗan ne gaskiya, amma Jan Koum da Brian Acton da suka kafa shi sun karɓi kuɗin kamfanin zuba jari na Sequoia tun 2011. Ƙarancin ma'aikata abu ɗaya ne, rashin jari wani abu ne daban, kar mu cakuɗa.

Maman Ilham: Au haka ne? To na janye wannan, amma ban janye ra'ayina ba 😄

Ɗan Damagaram: Ku bar duk wannan, ga wanda ya yi shi kaɗai na gaske. Markus Frind, a Vancouver ta Kanada, ya buɗe Plenty of Fish a 2003, shafin haɗa maza da mata ne, shekaru yana tafiyar da shi daga ɗakinsa yana cin kuɗin talla, a 2015 Match Group suka ba shi dala miliyan 575 kuma ba wani mai zuba jari da zai raba da shi

Abba: Hhhh ashe mai dalilin aure ne na turawa. Namu na unguwa kuwa sai dai a ba su turmin atamfa

Nura: Ni dai ku bari in faɗi nawa tunda na ɗanɗana. Na yi wata takwas ina haɗa manhajar da makarantun kuɗi za su riƙa fitar da sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta, ni kaɗai, da rana ina aikin wani da dare ina wannan, wuta ta ɗauke in koma wajen mai cajin waya, na zaga makarantu sun fi ashirin kowa sai ya ce kai abu ya yi kyau Allah ya yi albarka, amma da an zo maganar kuɗi sai a ce a bar mana mu gwada zango ɗaya tukuna, zango ya ƙare a ce wani zangon, guda biyu ne kawai suka taɓa biya. Ga kuɗin saba, wato kwamfutar da ake ɗora manhajar a kai a intanet, da dala ake biya duk wata, sai kuma 2022 bankuna suka mayar da abin da za ka kashe a waje da katin naira dala 20 a wata. Daga nan na naɗe tabarmata. Shi ya sa in na ji ana lissafo su Mailchimp sai in ce waɗanda suka haye ake ƙirgawa, wanda ruwa ya ci ba mai ba da labarinsa

Malam Sani: Yawwa Nura, Allah ya mayar da alheri. Abin da nake ta son faɗa kenan.

Injiniya Bilkisu: Nura ka yi haƙuri amma ni ban ga inda rashin jari ya kashe ka ba. Da an ba ka miliyan hamsin ma makarantun nan ba za su biya ba, sai dai ka daɗe kana asara. Ka dubi kamfanin manhaja na Zoho. Sridhar Vembu da abokan aikinsa sun fara a 1996 da sunan AdventNet, ba su bi hanyar masu zuba jari ba, yawancin aikin a Chennai ta Indiya ake yi, amma masu saye kamfanonin waje ne da ke biya da dala. Albashi da rupee, kuɗin Indiya, ciniki da dala. Kai kuma ka juya abin, kashewa da dala, ciniki da naira, nairar ma ba a ba ka ba. Shi Vembu har ya tattara ya koma ƙauye kusa da Tenkasi, kuma suna ɗaukar yara daga sakandare su koya musu aikin ba sai da digiri ba

Malam Sani: Injiniya ki ƙara da cewa shi kansa Vembu digirin digirgir gare shi daga Princeton kuma ya yi aiki a Qualcomm, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a Amurka. Nura wa ya sani a can? Sannan ga Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, a gida, Shola Akinlade da Ezra Olubi sun shiga Y Combinator, masu ba sababbin kamfanoni jari a Amurka, a 2016, Stripe ta saye su a 2020 sama da dala miliyan 200. Da sun tsaya taurin kai irin na Abba da yanzu ana nan.

Injiniya Bilkisu: Malam Paystack harkar kuɗin mutane ce, akwai lasisin CBN, akwai bankuna, dole sai da jari mai kauri, wannan ban musa ba. Amma manhajar sakamakon ɗalibai fa? Me za ta yi da biliyan?

Abba: Ni taurin kai kuma Malam 😂

Ɗan Damagaram: Nura tsaya, biyun da suka biya ɗin nawa suka ba ka, kuma a dunƙule ka karɓa ko kan kowane ɗalibi?

Nura: A dunƙule, sau ɗaya. Ɗayar ma har yanzu suna kirana in an zo fitar da sakamako

Injiniya Bilkisu: Suna kiranka kana zuwa kyauta?? Innalillahi. Turo min lambarka ta gefe, bayan la'asar za mu yi magana, kuma kar ka ɗaga musu waya kafin nan