Neman shawara: na karɓi jingar bene kafin siminti ya tashi, yanzu aiki ya tsaya a linta

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa masu sana'ar gini. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Kano, kuma sana'ar gado ce a wurina, domin mahaifina birkila ne har ya bar duniya. A watan Satumba na 2023 kawuna, ƙanin mahaifiyata da ke kasuwanci a Jidda, ya ba ni jingar gina masa bene hawa ɗaya, shaguna a ƙasa, gida a sama. Wannan kawun shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya biya mini kuɗin makarantar koyon sana'a, shi ya ba da sadakin aurena, kuma har yau duk azumi buhun shinkafarsa yana shiga ɗakin mahaifiyata. Akwai wani kamfani da ya nemi aikin, amma ya tsallake shi ya ba ni, duk da cewa uwargidansa ba ta so hakan ba, kuma ba ta ɓoye ba a gaban dangi.

Mun yi tsada a kan kuɗi dunƙule, kaya da aiki duk a wuyana, a lokacin da buhun siminti yake N5,000 da ɗoriya. Na yi fandisho, na ɗora bulo har linta, sai ga shi a watan Fabrairu na 2024 buhu ya haura N10,000, rodi ya kusa ninkawa, tifar yashi da ta tsakuwa suka bi tsadar dizal. Abin da ya rage a hannuna ba zai zuba dakin (kankaren da ke raba ƙasa da sama) ba, balle a yi maganar sama da rufi. Na kira Kawu, ya ce shi magana ɗaya yake yi, kuma a kan abin da muka tsayar ya tsara kuɗinsa. Babban birkilana ya ce mu sa rodi mai 12 (kaurin milimita 12) a bim, wato ginshiƙin kankare na kwance da ke ɗaukar nauyin dakin, maimakon mai 16 da ke cikin zane, mu ɗan ƙara yashi a kwaɓi, wai kowa haka yake yi yanzu. Shin in bi shawararsa, ko in ajiye aikin, ko in sayar da filina in ƙarasa?

Alhaji, tsohon ɗan kwangila: Wa alaikumus salam. Yaro, tun kafin a haife ka nake zuba kankare, kuma abin da zan faɗa maka shi ne gaskiyar magana. Zamanin jinga dunƙule ya wuce tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya. Duk ɗan kwangilar da ya san abin da yake yi, kuɗin hannu kawai yake karɓa yanzu, mai gida ya je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa da kansa ya ji farashin rodi da kunnensa. Ka kulle wurin, ka kwashe shebur da baro, ka bar kawunka ya neme ka. Shi da riyal yake samu, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da N500 kafin Yuni 2023 ta wuce N1,500 a farkon 2024, saboda haka faɗuwar naira riba ce a wurinsa, kai ne kaɗai ta durƙusar.

Injiniya daga Kaduna: Malam, kafin komai, don Allah ka cire maganar rage rodi daga zuciyarka. Wanda ya zana ginin ya lissafa nauyin da bim zai ɗauka ne ya rubuta mai 16, kuma ƙarfen da ke cikin mai 12 kaɗan ya haura rabin na mai 16, ba ƙaramin bambanci ba ne kamar yadda lambobin suke nunawa. Ƙari a kan haka, akwai rodin da ake sayarwa da sunan mai 12 wanda idan ka sa ma'aunin kauri ba ya cika. Kwaɓin 1:2:4 (siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) kuma ba a yi masa ƙarin yashi da ido. Mun ga benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamba 2021, mun ga makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yuli 2024, kuma ko a Kano an yi na titin Beirut a 2022. Tambayata biyu ce: akwai yarjejeniya a rubuce, kuma nawa ne cikin kuɗin aka ba ka tun farko?

Mai tambaya: Na gode, Injiniya. Babu takarda, domin ba zan iya kallon idon mutumin da ya riƙe ni in ce ya sa hannu ba, kuma a gidanmu ba a taɓa yin haka ba. Kuɗi kuwa ya ba ni kaso mai tsoka, amma siminti ba kayan ajiya ba ne, idan ya wuce wata uku a ɗaki yana fara dunƙulewa, shi ya sa ban jibge shi ba. Sannan a watan Oktoba na 2023 kamfanin BUA ya sanar da saukar da farashi zuwa N3,500 a bakin masana'anta, kowa yana cewa a dakata, kaya za su sauka. Ban ga mai hankalin da zai sayi buhu ɗaruruwa a irin wannan lokaci ba.

Mai ƙididdigar kayan gini: Ɗan'uwa, maganar siminti na yarda da kai, amma rodi ba ya dunƙulewa, kuma shi ne ya fi cin kuɗin dakin. Ina kuɗin rodin ya shiga? Abin da zai fitar da kai shi ne a auna aikin da aka riga aka yi a kan farashin lokacin da aka yi shi, a fitar da abin da ya rage a kan farashin yau, a haɗa da rasitai a tura wa kawunka. A manyan kwangiloli akwai sharaɗin sauyin farashi da ake rubutawa saboda irin wannan rana, kuma ko babu shi, mai gida ya fi saurin saukowa idan ya ga lissafi a takarda.

Hajiya mai gidajen haya: Ku yi haƙuri, amma dole wani ya faɗi ta bakin masu gida. Ni ma na ba wani magini kuɗin kaya gaba ɗaya, ashe ya kai su wani aikin da yake yi a wata unguwa, ya dawo yana yi mini kukan tsadar siminti. Gidan ya sha damina biyu babu rufi, rodin da ya bari a tsaye duk ya yi tsatsa, bulon ma da ƙafa za ka taɓa shi ya marmashe saboda yawan yashi. Mai tayil ɗin da na saba da shi, ɗan Togo, ya koma gida domin ya ce idan ya canza naira zuwa sefa ba ya ganin komai, waɗanda na samu a madadinsa kuma sai da aka fasa aikinsu. Saboda haka idan kawunka ya ƙi ƙari, kada a yi saurin ganin laifinsa.

Alhaji, tsohon ɗan kwangila: Hajiya, naki daban, nasa daban. Kai kuma Injiniya, ku 'yan boko kuna son tsorata mutane. Na gina benaye da mai 12, na matse tazararsa, suna nan tsaye har gobe. Amma ni ban ce ya rage ba, cewa na yi ya kulle wurin. Kuma kada wanda ya yaudare ka da cewa kaya za su sauka. Ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti na Dangote da BUA da Lafarge a Fabrairu 2024, aka tsayar da N7,000 zuwa N8,000, to wa ya sake ganin N5,000 tun daga ranar? Ga masana'anta a Kalambaina ta Sakkwato, ga Ashaka a Gombe, ga Obajana a Kogi, dutsen namu ne, amma kuɗin mota da na dillali kaɗai sun isa su kashe ƙaramin ɗan kwangila. Filinka kuwa, idan ka sayar da shi, ba za ka sake mallakar irinsa ba.

Injiniya daga Kaduna: Ranka ya daɗe, a dakin ana iya sauya kaurin rodi a matse tazara, amma sai wanda ya yi lissafin ginin ya sake lissafi ya sa hannu, ba birkila ne zai yanke a bakin aiki ba, kuma yawan ƙarfen da za a saya kusan ɗaya ne, babu rarar da za a samu. Idan ragi ake nema, a neme shi a tayil da silin da tagogi da fenti, ko a ƙarasa shagunan ƙasa su fara kawo haya, saman ya jira. Mai tambaya, ka nuna wa injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, zanen kafin ka taɓa komai.

Wani dattijo: Ɗana, zumunci ya fi fili. Idan Allah ya hore maka abin sayarwa, ka sayar ka cika alkawari da kaya masu kyau, sunanka shi ne jarinka a wannan sana'a. In kuwa ba za ka iya ba, ka sa mahaifiyarka ta yi wa ƙaninta magana.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma ba na son mahaifiyata ta shiga, tana fama da hawan jini, kuma uwargidan Kawu abin da take jira ke nan. Malam mai ƙididdiga, kuɗin bai ɓata ba, akwai wani aikin gyaran azuzuwa da na yi wanda har yanzu ba a biya ni ba, da zarar ya fito komai zai daidaita, kuma duk ɗan kwangila yana juya kuɗi tsakanin ayyukansa. Kulle wurin ma ba zai yiwu ba, Alhaji, domin na riga na kafa katakon dakin, kuma hayarsa nake biya.

Hajiya mai gidajen haya: To, ai ka ji abin da nake faɗa. Kawunka ya san da wancan aikin na azuzuwa?

Alhaji, tsohon ɗan kwangila: Kada ka amsa mata, yaro. Ka sauke katakon ka mayar wa mai shi tun kafin haya ta cinye ka, sannan ka yi abin da na ce.

Mai tambaya: Kawu zai zo gida da Babbar Sallah, kuma ya ce yana so ya tarar an zuba dakin. Akwai wanda ya san dillalin da zai ba da rodi mai 16 bashi na wata biyu a Ƙofar Ruwa, ko da da ɗan ƙari a kan farashi?