Don Allah ya ake gane tukunyar ƙarfen zubi ta gaske?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Bikin ƙanwata saura sati uku, wata mai saida kaya a WhatsApp ta turo min hoton kasko biyu da tukunya ɗaya wai kas ayon ne, wato ƙarfen zubi, dubu 85, ta ce in tura rabi kafin la'asar ɗin gobe ko ta ba wata. A hoto baƙaƙe ne wuluk amma ni ban taɓa riƙe irinsu ba. A kan gas amarya za ta yi girki. Ya zan gane ba dalma aka shafa wa fenti ba?

Ummu Sadiq: Ki sai mata nonsitik ki huta, yaran yanzu wa zai iya da wannan nauyin.

Hajiya Gwammaja: A murhun icce ba abin da ya kai ta, ta kakarmu mai ƙafa uku daga Kurmi aka sayo har yau da ita muke taushen sallah.

Habu Ƙofar Ruwa: Hajiya, gas ta ce. Maman Ilham ki je da maganadisu, ko na tsohuwar sifika. Dalma ba ta kama shi. Amma kaskon masu ƙosai da ake bugawa da ganga shi ma yana kamawa, to sai ki ɗaga, na zubi madaidaici ya haura kilo 2, bakinsa da kauri, jikinsa da ɗan kaushi kamar yashi don a yashi ake zuba shi, mariƙin kuma haɗe yake da jiki babu kusa babu noti.

Anti Bilki: Hmm ni wannan magana ta fama min ciwo. Bara na sai wa 'yata irinsu a onlayin dubu 60, kwali mai kyau har da rubutun Faransa, ranar da dangin miji suka zo ganin ɗaki ta ɗora miyar dage-dage sai ga baƙin abu yana yawo a sama kamar ɓawon wake, ƙasan tukunyar ya koma fari fat, uwar mijin da kanta ta tsamo da ludayi ta ce wannan wane irin daddawa ne. Yarinya ta kira ni tana kuka. Na kira matar ta ce kaya in sun fita ba sa dawowa, washegari ta yi bulokin ɗina. Na bar ta da Allah.

Ummu Sadiq: Innalillahi, sannu Anti.

Zee: Dubu 60 ai kin san da sake, kasko ɗaya na kamfanin Lodge na gani a Sabon Gari ya fi haka.

Maman Twins: Kai Zee, ni gwanjo na samu dubu 12 duk tsatsa, na goge na shafa man gyaɗa na gasa, yanzu ƙwai zamewa yake.

Zee: Wa zai kai wa amarya mai tsatsa?

Habu Ƙofar Ruwa: Tsatsar ma shaida ce ai, dalma ba ta jan tsatsa.

Hajiya Gwammaja: Malam Habu ka taɓa tuƙa tuwo? Ku bar wa mata zancen tukunya.

Habu Ƙofar Ruwa: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ƙarfe dai sana'ata ce.

Abban Nana: Ni tausayin ango nake, kasko kilo 2 a hannun amarya ranar da ya dawo sha biyun dare 😂

Maman Twins: Babbar tukunyar tawa aro ya kashe ta. Maƙwabta suka karɓa za su yi suna, suka sheƙa mata ruwan sanyi tana kan wuta ta tsage, aka aiko yaro ya ajiye min a zaure ko sallama babu.

Anti Bilki: Gara ke an dawo da gawar, kulolina uku tun azumi ban sake ganinsu ba.

Maman Ilham: Jama'a matar ta ce ba ta yarda a zo gida ganin kaya, sai dai ɗan sahu ya kawo. In tura ne ko in bari?

Zee: Anti Bilki kulolin nan masu ruwan gwal?