Shuɗin hotona yana bin ruwa, a taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah akwai wanda ya taɓa yin cyanotype, wato buga hoto mai launin shuɗi da hasken rana, a cikinku? Ni mai ɗaukar hoto ne, bara na fara buga hotunana da hannu ta wannan hanyar saboda shuɗinta sak na marinar Ƙofar Mata. Ina haɗa ruwan sinadarin ferric ammonium citrate da na potassium ferricyanide daidai wa daida, in shafa a takarda ta bushe cikin duhu, in ɗora nagetif in danne da gilashi minti 15 a rana. To tunda hazo ya sauko da na wanke sai shuɗin ya bi ruwa, hoton wani dattijo marini da nake ji da shi hularsa kawai ta fito. Lokaci zan ƙara ko takardar ce matsala? Wallahi takarda 9 na ɓata.