Me za mu kira "one-hit wonder" da Hausa?

Bazazzagi: Salamu alaikum malamai. Ina haɗa shirin rediyo kan The Vapors, wasu mawaƙa huɗu daga garin Guildford na Ingila. Sun haɗu a 1978, Bruce Foxton na ƙungiyar mawaƙan The Jam ya gan su suna wasa, ya sa aka tafi da su yawon kiɗa a 1979. A 1980 waƙarsu "Turning Japanese" ta kai ta 3 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, ta 1 a Ostareliya. Daga nan ba su sake shiga 40 na farko a gida ba, faifai biyu kacal suka yi kafin su watse. Turawa na ce wa irinsu "one-hit wonder". Mu fa?

Baban Hanifa: Wutar kara. An gama.

Malamar Hausa: Baban Hanifa, ba a gama ba tukuna. Wutar kara ta ci ta mutu, toka ta rage. Su kuwa waƙar tasu har gobe ana sa ta a gidajen rediyo. Abin da kalmar ke nufi shi ne duniya ta san mutum da waƙa guda, ko da ya yi ɗari. Ba maganar gajeren zamani kaɗai ba ce.

Ɗan Maradi: To "mai bakandamiya ɗaya" fa, Malama?

Malamar Hausa: Na so ta, sai dai kowane babban mawaƙi ai bakandamiyarsa ɗaya ce. Shata na da tasa, Narambaɗa na da tasa, kuma ba wanda zai ce da waƙa guda aka san su. Bakandamiya ita ce ta fi a cikin masu yawa. Ka ga ma'anar ta juye ke nan.

Baban Hanifa: Tauraruwa mai wutsiya?

Ɗan Maradi: Haba Yaya, ganinta ai ba alheri ba. Me bayin Allah suka yi maka?

Bazazzagi: Ni ma ba na son kalmar da za ta zama zagi. Faifansu na farko, New Clear Days, ba abin yarwa ba ne, akwai fargabar yaƙin nukiliya a cikinsa, sunan ma da gangan suka sa shi ya yi kama da kalmar "nuclear". Na biyun, Magnets na 1981, ya fi duhu, har da waƙa kan Jim Jones, shugaban ƙungiyar addinin nan da mabiyansa suka halaka a Guyana. Ya fito bayan kamfaninsu United Artists ya narke cikin kamfanin EMI, bai samu tallan kirki ba. Daga baya David Fenton, mai rera musu waƙa, ya zama lauyan ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, Ed Bazalgette mai jita ya koma ba da umarni a talabijin, har ya yi shirin Doctor Who.

Malamar Hausa: To mu ɗauki "tashe". Muna cewa wane yana tashe, wane tashensa ya wuce, babu zagi a ciki. "Masu tashen waƙa ɗaya", mutum guda kuma "mai tashen waƙa ɗaya". Mai sauraro zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Ɗan Maradi: Ta zauna a baki. A nan ma za a gane ta, in dai ba a watan azumi aka faɗa ba, kada yara su ɗauka tashen gwauro ake nufi.

Bazazzagi: Na karɓa, Malama, Allah ya ƙara basira. Saura "new wave", sunan salon kiɗansu. Wani ya ba ni "sabuwar igiya", na ji kamar za a ɗaure akuya.

Malamar Hausa: Bar wannan da sunansa, kamar yadda muka bar reggae da disko. Ka ce kiɗan new wave, sau ɗaya ka bayyana cewa sabon yayi ne da ya biyo bayan kiɗan punk a ƙarshen shekarun 1970.

Baban Hanifa: Ni dai a gidana wutar kara zan ci gaba da cewa.

Bazazzagi: Sun sake haɗuwa a 2016 fa, Baba, har da sabon faifai a 2020. Wace wutar kara ce ke sake kamawa bayan shekara 30 da ɗoriya?