Tarayyar Afirka: taron shan shayi ne ko akwai abin da take tsinanawa?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da dare Alhaji ya rubuto mana cewa Tarayyar Afirka "taron shan shayi ne a Adis Ababa". Na kwana da maganar nan a raina. Alhaji, bisimilla, zo ka kare ta.

Alhaji Mai Albasa: Wa alaikumus salam Malam. Ban janye ba ko kaɗan. A Yamai fa, cikin Yulin 2019, Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar, Issoufou, shugaban Nijar na lokacin, na ta murna tunda shi ya ja ragamar tafiyar. Tawada ba ta gama bushewa ba, a Agusta, Najeriya ta garƙame iyakokinta na ƙasa, sai Disamban 2020 aka buɗe. Tirela biyu na albasar Galmi gare ni a hanya. Suka yi ta zama a rana har buhunan ƙasa suka fara ɗigar da ruwa, ɗoyi ya hana yaran mota kwana kusa. Rabi na zubar. Wa ya ce uffan daga Adis?

Malamin Tarihi: Allah ya mayar da alheri. Amma wanda ya rufe iyaka shi ne mai laifi. Ƙungiyar ba ta da ɗan sanda ba ta da kwastan, ƙasashe 55 ne suka haɗu, kowace riƙe da makullin gidanta.

Alhaji Mai Albasa: To ka ga ka zo maganata da ƙafarka.

Hajiya Mai Atamfa: Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya son kai ne. Sojoji sun karɓi mulki a Mali, Gini, Burkina Faso da Nijar, duk an dakatar da su. Da Idriss Déby ya rasu a 2021 ɗansa ya hau da kaki, Chadi ba a taɓa ta ba. Kuma shugaban hukumar ƙungiyar a lokacin, Moussa Faki, ɗan Chadi ne. Ban ce komai ba dai.

Ɗalibin Shari'a: Hajiya kin faɗi gaskiya, wannan tabo ne. Amma Baba Alhaji, a yi adalci. Yaƙin Tigray a Habasha, a ƙarƙashin wannan ƙungiya Obasanjo ya zaunar da gwamnati da 'yan tawaye a Pretoria, Nuwamban 2022, bindiga ta yi shiru. Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi, kuma, kotun da ƙungiyar ta kafa tare da Senegal ce ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016. Mutanen da aka azabtar a Njamena sun tsaya gabansa ido da ido sun ba da shaida. Wannan ba shayi ba ne.

Alhaji Mai Albasa: Ɗana, shekara nawa suka jira? Tun 1990 ya gudu. Sannan ginin da shugabannin ƙungiyar suke zama ciki a Adis, Sin ce ta gina ta miƙa musu a 2012. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Direban Konni: Mu dai a 2023 mun ga tasku, har wutar lantarki aka yanke wa Nijar.

Malamin Tarihi: Direba, kar mu haɗa. Takunkumin na ECOWAS ne, CEDEAO kamar yadda kuke cewa. Tarayyar Afirka dakatarwa ta yi. Kan kuɗi kuwa Alhaji yana da hujja: a Kigali a 2016 aka amince kowace ƙasa ta cire kashi 0.2 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su don ƙungiyar ta riƙe kanta, da yawa har yau ba su aiwatar ba.

Hajiya Mai Atamfa: Wato su ne suka hana ta abinci, su ne kuma ke cewa ta rame.

Ɗalibin Shari'a: Kuma tun 2023 tana da kujerar dindindin a G20, taron ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki.

Direban Konni: Kujerar ta rage mini shinge ko ɗaya tsakanin Illela da Sakkwato? Gobe da asuba zan ɗauki hanya, zan ƙirgo muku su.